Ƙananan Kan Sarki da Ƙananan Ambulan: Abin da Girmansu Yake Koya Mana

Gabatarwa

Kafin ka ci gaba da karatun wannan darasi, ɗauko rula da fensir. A gefen takardarka zana ɗan akwati mai faɗin milimita 8, tsayinsa kuma milimita 9 da rabi. To, dubi abin da ka zana. Da kyar ya kai girman farcen ƙaramin yatsanka. Wannan shi ne girman wani kan sarki na gaske, wanda aka sayar a gidan waya, mutane suka manna a kan wasiƙunsu, wasiƙun kuma suka isa inda aka aika da su.

A cikin masu sha'awar tara kan sarki akwai waɗansu da ba ruwansu da mafi kyau ko mafi tsada. Abin da suke nema shi ne mafi ƙanƙanta, wato ƙananan kan sarki da ƙananan ambulan da suka bi ta gidan waya. Mai kallo daga nesa zai ce wasan yara ne. Amma za mu gani a cikin wannan darasi cewa sau da yawa akwai dalilin da ya sa aka yi abin ƙarami, ko kuɗi, ko ƙarancin takarda, ko nauyi, ko kuwa al'adar mutanen lokacin. Wanda ya iya gane dalilin ya karanta tarihi ke nan a kan ɗan guntun takarda.

1. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Na san da yawa daga cikin ɗalibanmu na yau ba su taɓa manna kan sarki ba, gama wayar hannu ta karɓi aikin wasiƙa. Saboda haka bari mu fara da ma'anar kalmomi uku.

Kan sarki shi ne 'yar takardar da ake saye a gidan waya a manna a jikin wasiƙa, shaida ce cewa an biya kuɗin kai ta. Sunan ya samo asali ne daga hoton kan sarkin Ingila da ake bugawa a jiki a zamanin mulkin Turawa.

Hatimi shi ne tambarin da ma'aikacin gidan waya yake bugawa a kan kan sarki domin kada a sāke amfani da shi. Yakan nuna sunan garin da ranar da wasiƙar ta tashi.

Cikakken ambulan kuwa shi ne ambulan da ya yi tafiya, yana nan da kan sarkinsa da hatiminsa da adireshinsa, ba a cire kome ba. Ka riƙe wannan kalma ta uku da kyau, za mu komo kanta.

2. Yadda ambulan ya shigo

Kafin shekarar 1840, a Ingila ana lissafin kuɗin wasiƙa ne bisa ga nisan tafiya da yawan fallayen takarda, galibi kuma wanda aka aika wa shi yake biya. Idan ka sa wasiƙa cikin ambulan, sai a ƙidaya ambulan ɗin kamar falle na biyu, kuɗin ya ninka. Don haka mutane sukan naɗe takardar ne kawai, su liƙe bakinta da kaki, su rubuta adireshi a bayanta.

Wani malamin makaranta, Rowland Hill, shi ya ba da shawara a sāke tsarin. Aka koma lissafi da nauyi, daga Janairu 1840 kuma wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba za ta je ko'ina cikin ƙasar a kan peni ɗaya, wato abin da iyayenmu suke kira kobo kafin canjin kuɗi na 1973. A ranar 6 ga Mayu na wannan shekara aka fara aiki da kan sarki na farko a duniya, baƙi ne, mai hoton Sarauniya Biktoriya. Tun da ambulan ya daina jawo ƙarin kuɗi, sai mutane suka rungume shi. A 1845 Edwin Hill da Warren De la Rue suka yi rajistar injin naɗe ambulan, aka kuma nuna shi a babban baje kolin London na 1851.

Abin lura a nan shi ne, doka ta yi maganar nauyi, amma ba ta ce kome a kan ƙanƙanta ba. Ta wannan ƙofa ce ƙananan ambulan suka shigo, suka kuwa daɗe fiye da shekara ɗari.

3. Ƙananan kan sarki guda huɗu

(a) Bolivar, 1863. Akwatin da ka zana ɗazu girman kan sarkin jihar Bolivar ne, a ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka. A wancan zamani jihohin ƙasar suna da ikon buga kan sarkinsu. Tsakanin 1863 da 1866 Bolivar ta fitar da na santabo 10 da na feso 1, su ne kuma ake lissaftawa mafi ƙanƙanta cikin dukan waɗanda aka taɓa bugawa ɗai-ɗai. Ba su da haƙoran nan na gefe da muka saba gani. Da almakashi ake yanka su daga falle, shi ya sa ba kullum ake samun wanda gefensa huɗu suka fita sarai ba.

(b) Ingila, 1870. A wannan shekara aka rage kuɗin aika jarida da takardun ɗab'i zuwa rabin peni, wato sisin kobo. Sai aka bukaci sabon kan sarki, ya fito ranar 1 ga Oktoba, launinsa ja-ja, girmansa milimita 17.5 da 14. Me ya sa aka yi shi ƙarami haka? Bari mu yi ɗan lissafi. Fallen kan sarkin peni yana da guda 240, a layi 20, kowane layi guda 12. A tsohon kuɗi peni 12 ne sule, peni 240 kuma fam. Ashe kowane layi sule ɗaya ne, fallen duka kuwa fam ɗaya. Da aka zo na sisin kobo, sai aka raba girman biyu, aka jera 24 a kowane layi, falle ya ɗauki 480. Ga shi layi bai fasa zama sule ba, falle bai fasa zama fam ba, akawun gidan waya kuma bai sami sabon ciwon kai wajen rufe lissafinsa da yamma ba. Rabin kuɗi, rabin takarda. Masu tarawa suka yi masa laƙabi da bantam, sunan wata irin ƙaramar kaza. Ya yi shekara goma yana aiki, a 1880 aka maye gurbinsa da kore mai cikakken girma.

(c) Mecklenburg-Schwerin, 1856. Kafin a haɗe Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, ƙananan masarautunta da yawa suna da gidan wayarsu. Wannan masarauta da ke arewa ta buga wani jan kan sarki wanda a gaskiya huɗu ne a haɗe, kowanne da hoton kan bijimi, kowanne kuma kusan santimita ɗaya a tsaye da a kwance. Idan kuɗin saƙonka kashi ɗaya ne cikin huɗu, sai a yanko maka ɗaya. Idan ya fi haka, a yanko biyu ko uku, ko a ba ka duka. Da zane ɗaya aka biya bukatar farashi iri-iri, kamar yadda mai tebur yake yanka sandar sabulu gwargwadon kuɗin mai saye. Masarautar Brunswick ma ta yi irin wannan dabara a 1857.

(d) Afirka ta Kudu, 1942 zuwa 1944. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar ta fitar da kan sarki masu nuna masu aikin yaƙi: sojan ƙasa, ma'aikaciyar jinya, matuƙin jirgin sama, sojan ruwa, mai walda da sauransu. Da takarda ta yi wuya, sai aka sāke zana su a ƙanana, har biyu ko uku suka shiga wurin da bai fi na babba guda ba. Mafi yawansu an jera su ne ɗaya da Turanci, na kusa da shi da harshen Afirkans. Saboda haka masu tarawa sukan so su same su a haɗe yadda aka sayar da su. Wanda ya raba su ya ɓata rabin labarin.

4. Ƙananan ambulan

Dalili na farko da ya kawo ƙananan ambulan shi ne al'ada. A ƙarni na 19 da farkon na 20, masu hali a Turai da Amurka suna da ɗan kati mai ɗauke da sunansu, wanda sukan bari a gidan da suka kai ziyara. Da aika saƙo ya yi araha, sai aka fara tura katin ta gidan waya cikin ambulan daidai girmansa. Haka aka riƙa yi da katin sanar da haihuwa, da na gayyata, da na godiya. Idan rasuwa ce, akan zagaye bakin ambulan da baƙin layi, mai karɓa ya san irin labarin tun bai buɗe ba. A Faransa aika katin suna a lokacin sabuwar shekara ya zama ruwan dare, har gidan waya ya yi masa farashi mai rahusa, muddin gaisuwar da aka rubuta da hannu ba ta wuce kalma biyar ba. A kan waɗansu irin waɗannan ambulan, kan sarki da hatimi sukan cinye kusan rabin fuskar, adireshi ya matse a ɗan abin da ya rage.

Dalili na biyu shi ne nauyi, misali mafi kyau kuwa yana birnin Paris. Daga 19 ga Satumba 1870 zuwa 28 ga Janairu 1871 sojojin Jamus sun kewaye birnin, ba shiga ba fita. Hanya ɗaya da ta rage ita ce sama. Mutanen birnin suka ɗinka manyan balan-balan, suka cika su da iskar gas, kowane da kwandon da yake ɗaukar matuƙi da buhunan wasiƙu. Na farko ya tashi ranar 23 ga Satumba, kafin a gama kuwa fiye da 60 sun tashi, suka fitar da wasiƙu sama da miliyan biyu. Amma aka sa sharaɗi: kada wasiƙa ta wuce giram 4. Domin ka gane ƙarancin wannan, falle ɗaya na farar takardar da muke buga jarrabawa a kai nauyinsa giram 5 ne. Dole mutane suka nemi takarda marar kauri, suka rubuta ƙananan baƙaƙe, suka naɗe ta ta zama ambulan ɗin kanta.

To, yaya amsa za ta komo? Balan-balan iska yake bi, ba a iya juyo da shi cikin birni. Sai aka riƙa fita da tattabarun Paris a cikin kwandunan, gama tattabara ba ta ɓata hanyar gida. Wani mai ɗaukar hoto, René Dagron, ya fita ta balan-balan a Nuwamba 1870 da kayan aikinsa. Akan buga saƙonni masu yawa a babban shafi, a ɗauki hotonsa a ƙanƙance a kan ɗan fim marar nauyi, a naɗe fim ɗin cikin bututun gashin tsuntsu, a ɗaure a wutsiyar tattabara. Idan ta iso Paris, sai a haska fim ɗin a bango da fitila, akawuna su kwafe saƙonnin, a kai wa masu su. Tattabara ɗaya takan shigo da dubban saƙonni a tafiya guda. Waɗansu kuwa ba su iso ba saboda sanyin hunturu da shaho da bindiga, shi ya sa akan aika saƙo ɗaya sau da yawa.

5. Abin da ya kawo ƙarshensu

Inji ne ya kashe ƙaramin ambulan. Muddin mutum ne yake buga hatimi da hannu, yana ware wasiƙu cikin ramuka, girman ambulan bai dame shi sosai ba. Da wasiƙu suka yi yawa aka kawo injin da yake jan su ɗaya bayan ɗaya da sauri, yana buga hatimi a kusurwar sama ta dama. Ƙaramin ambulan yakan zame, ko ya maƙale, ko hatimin ya hau kan adireshi ya rufe shi. Wani ma yakan shige cikin babbar wasiƙa ya tafi wani gari dabam.

Saboda haka aka kafa iyaka. A Amurka, tun daga 1979 ba a karɓar wasiƙar da ba ta kai inci 3 da rabi a tsaye da inci 5 a kwance ba. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874, wadda Nijeriya ma take cikinta, ta sa milimita 90 da 140 ya zama mafi ƙanƙantar wasiƙar da za ta ƙetare iyakar ƙasa.

Ga abin da wannan yake nufi ga mai tarawa. Ba a ƙara haifar irin waɗannan ambulan. Waɗanda suka rage a duniya su ke nan, duk wanda gara ta ci ko yaro ya yage ya tafi ba mai maye gurbinsa.

6. Yadda za ka fara

Ba na ce za ka tsinci kan sarkin Bolivar a gidanku ba. Amma a gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe cike da takardu, akwai kuma wasiƙun da kakanni suka ɓoye a tsakanin shafofin littafin waƙoƙi. A ciki akan sami katin aure, da gaisuwar Kirsimeti daga abokai na ƙasashen waje, da wasiƙun 'yan'uwa da suka tafi karatu ko aikin soja. Nan ne makarantarka ta fari. Ga ƙa'idodi:

Na ɗaya, nemi izini. Wasiƙa asirin mai ita ce. Idan an ba ka ambulan an riƙe abin da yake ciki, ka gode, ya ishe ka.

Na biyu, kada ka ɓamɓare kan sarki daga ambulan. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon mai tarawa yake yi. Kan sarki shi kaɗai ƙasarsa da kuɗinsa kawai zai faɗa maka. Cikakken ambulan kuwa zai gaya maka daga ina, zuwa ina, yaushe, da nawa aka biya. Idan akwai hatimin isowa a baya, har kwanakin da ya yi a hanya za ka iya ƙidayawa.

Na uku, ka tabbatar ya bi ta gidan waya. Ba kowane ɗan ambulan ne ya yi tafiya ba. Waɗansu da hannu aka miƙa su, waɗansu kuma a cikin babban ambulan suka zo. Duba ko hatimin ya hau kan kan sarki ya kuma sauka a jikin ambulan. Idan hatimin ya tsaya a bakin kan sarki bai ƙetare ba, wataƙila daga baya wani ya manna shi. Ka kuma sani cewa duk abin da yake da wuyar samu akwai masu yin jabunsa, don haka kada ka yi saurin ba da kuɗi.

Na huɗu, ka sa wa kanka iyaka. Mai tara kome da kome ba ya gama kome. Kana iya cewa, "Ni ambulan da bai kai milimita 90 da 140 ba kaɗai nake nema," ko kuwa, "Ni kan sarkin da bai wuce milimita 20 ba." Iyaka ce take mai da tarin takardu ya zama nazari.

Na biyar, auna ka rubuta. Ga kowane ɗaya rubuta faɗi da tsayi a milimita, da ƙasa, da shekara, da garin da hatimi ya nuna, da kuma dalilin da kake tsammani ya sa aka yi shi ƙarami. Idan zato ne, rubuta cewa zato ne.

Na shida, ajiya. Da hantsaki marar kaifi ake ɗaukar kan sarki, gama zufar hannu takan bar tabo. Kada ka shafa gam, kada kuma ka liƙa salatef, domin bayan 'yan shekaru yakan bar jan tabo da ba ya fita. Sa kowane cikin ɗan aljihun takarda mai tsabta, ka ajiye a busasshen wuri, nesa da rana da ƙasa. Da damina ka riƙa buɗewa suna shan iska, kana duba ko gara ko kyankyaso sun shiga. Kada kuma ka yi wannan aiki a gaban taga ko ƙarƙashin fanka. Abin da bai kai farce ba, iska kaɗan ta ishe shi.

Kammalawa

Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Mun ga kan sarkin da aka rage domin lissafin fam da sule ya zauna daidai, da wanda ake yankawa gwargwadon kuɗi, da wanda yaƙi ya tsuke, da wasiƙar da aka auna da giram domin ta tashi sama ta kai wa iyali labari cewa ɗansu yana da rai. Nan gaba idan an zo share ɗaki aka fito da tsofaffin takardu za a cinna musu wuta, ka roƙa a dakata. Ɗauko rularka tukuna.

Aikin yi

1. Nemi faɗin fili na kan sarkin Bolivar da na Ingila na 1870 a murabba'in milimita. Na Bolivar nawa ne za su yi daidai da na Ingila guda?

2. Zana akwati mai milimita 90 da 140. Kan sarkin Bolivar nawa za ka iya jerawa a ciki ba tare da yanka ko ɗaya ba? Gwada jeri a tsaye, ka gwada a kwance, ka ga wanne ya fi ɗauka.

3. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa fallen kan sarkin sisin kobo ya ɗauki guda 480.

4. Kawo dalilai biyu da suka sa cikakken ambulan ya fi kan sarki shi kaɗai amfani ga mai nazarin tarihi.

5. A lokacin hutu tambayi wani dattijo a gidanku ko a unguwarku yadda yake aika wasiƙa sa'ad da yake saurayi, nawa yake biya, kwana nawa kuma amsa takan yi. Rubuta abin da ya faɗa a shafi ɗaya, ka kawo idan an komo makaranta.